Rigar sulken da kamfani suka bani tana shaƙe ni a mota, in sayi farantin ƙarfe da kuɗina?

Tambaya:

Salam Yaya, dan Allah shawara nake nema. Ban daɗe da samun aikin tsaron lafiyar wani ɗan kasuwa ba, a ƙarƙashin wani kamfanin tsaro. Yawancin aikin a mota ne, daga gida zuwa ofis zuwa wajen taro, kuma oga baya son a ga alamar mun saka komai sai dai a ƙarƙashin kaya. Kamfani sun bani bulet furuf amma tsohuwa ce, wanda ya bar aikin kafin ni shi yake sawa kuma ya fini jiki da tsawo. Da na zauna a mota sai ta hau ta tokare min maƙogwaro ga zafi, shi yasa gaskiya nake cireta in tura ƙasan kujera, in zamu fita in mayar, wani lokacin ma bana samun damar mayarwa. Matata kullum tambayarta ka saka rigar? sai ince eh. Yanzu naga wasu farantan ƙarfe na sawa a rigar sulke a intanet da araha an rubuta mataki na III wai ko AK bata huda su, sannan wani abokin aikina yace zai sayar min da tashi rigar da ya daina sawa. Ina tsoron yiwa shugabanmu ƙorafi kar ace sabon zuwa ya fara tsirfa. Wanne zanyi?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanina. Allah ya tsare ka a wannan aiki, ya sa kullum ka koma wa iyalinka lafiya.

Kafin muje kan me zaka saya bari in fara da abinda yafi tsaya min a rai cikin saƙonka, wato cire rigar da kake yi a mota. Duk wanda yake koyar da aikin tsaron lafiyar mutum zai gaya maka cewa wajen shiga mota da fita daga mota, da tsayuwa a bakin get ana jira a buɗe, da cunkoson hanya, nan ne wuraren da aka fi jin tsoro, domin nan ne mai mugun nufi yake da tabbacin inda mutum zai kasance da lokacin da zai kasance. Ranar 30 ga Maris 1981 aka harbi shugaban Amurka Ronald Reagan a ƙofar otal ɗin Hilton dake Washington, yana takawa zuwa motarsa saura ƙiris ya shiga. Harsashi shida cikin ƙasa da daƙiƙa biyu. Mai tsaronsa Tim McCarthy ya buɗe jikinsa ya tare, harsashi ya same shi kuma babu rigar sulke a jikinsa ranar, Allah dai yayi da sauran kwanansa a gaba. Bindigar kuwa ƙarama ce mai harsashi .22, irin wanda riga mai laushi, wato ta zare marar faranti, ma take tarewa. To ka duba fa, daƙiƙa biyu. Yaushe zaka sunkuya ƙasan kujera ka jawo riga ka zura kai ka ɗaure gefe da gefe? Kuma kar ka ɗauka ƙofar mota kariya ce, ƙofar motar da ba sulke gareta ba siririn ƙarfe ne da roba, harsashin fistol ma sau da yawa ratsa ta yake ya wuce.

Ba faɗa nake maka ba. Babu ɗan adam ɗin da zai yini da abu yana danne masa maƙogwaro bai nemi sauƙi ba. Rigar ce ba taka ba, an auna ta ne a jikin wani, kuma rigar sulke ba irin kayan da ake gada bane ace ai da ɗan yawa ma ba komai. Saboda haka matsalarka ta farko ba ƙarfin riga bace, awo ne, kuma farantin da kake shirin saya bazai taɓa wannan matsalar ba ko kaɗan, ƙara ta ma zaiyi.

Ga dalilin da yasa take hawa. Idan mutum ya zauna, tazarar dake tsakanin wuyansa da bel ɗinsa raguwa take, ciki ya ɗan taru, cinya ta taso. In shafin gaba na rigar, wato sulken dake cikinta ta gaba, yayi tsawo har ya kai kan bel kana tsaye, to da ka zauna bel da cinya zasu turo shi sama, shi kuma ba lanƙwashewa yake da sauƙi ba, sai ya tafi inda yaga hanya, wato maƙogwaronka. Mutane da yawa suna ganin kamar riga mai kyau itace wadda ta rufe ciki gaba ɗaya har mara, ba haka bane. Aikinta ta rufe zuciya da huhu da manyan jijiyoyin jini na ƙirji, da hanta da saifa gwargwado. Sa yatsanka a ɗan ramin nan dake ƙasan maƙogwaro, tsakanin ƙasusuwan wuya biyu, daga nan ko ƙasa da shi kaɗan bakin rigar na sama ya kamata ya fara. Ta ƙasa kuma ta tsaya wajen cibiya, yadda in kana tsaye zaka iya sa yatsu biyu ko uku tsakanin bakinta da bel, in ka zauna kuma ta sauko ta kusa taɓa bel ɗin ba tare da ya ɗaga ta ba. Wannan ɗan filin da zaka gani kana tsaye ba kuskure bane, da gangan ake barinsa.

Sai gefe, kuma nan ne nafi son ka buɗe ido. Shi kansa Reagan harsashin da ya same shi ƙarfen motar ya daka ya dawo ya shige ta ƙarƙashin hammatarsa ta hagu har huhu. Mai aiki irin naka da wuya ya fuskanci mahari gaba da gaba, kai kana juyawa ne kana tura oga cikin mota ko kana rufe shi da jikinka, gefenka ne a buɗe. Don haka shafin gaba da na baya dole su haɗu a haƙarƙari, har ɗaya ya hau kan ɗaya da kamar santimita 5, kuma na gaba ne zai hau kan na baya ba akasin haka ba, don abinda ya taho ta gaba kar ya samu bakin da zai kutsa. Dalilin hawan shine bakin shafi bai kai tsakiyarsa ƙarfi ba, ko a ɗakin gwaji ba'a harbin riga dab da baki, ana barin tazarar santimita 5 ko fiye. In kuwa rigar ta maka yawa kamar wannan taka, zakaga hawan ya wuce misali, shafin ya tattare yana cizon hammata, ko kuma ya saki yana lilo a jiki, in ka sunkuya ya buɗe ta sama. Duka biyun basu da kyau.

In Allah yasa za'a auna ka, kar ka yarda da awon "kai laj ne ko midiyam". A kawo tef ɗin tela, a auna ƙirji a wuri mafi faɗi, a auna ciki daidai cibiya, a auna tsawo daga ramin wuya zuwa saman bel kana tsaye sannan a sake aunawa kana zaune, a auna baya daga ƙashin nan da yake turowa a bayan wuya in ka sunkuyar da kai zuwa bel. Kuma ka je da ainihin bel ɗin da kake aiki dashi da duk abinda kake ratayawa a jikinsa, da irin singiletin da kake sawa a ciki. Bayan an kawo rigar ka saka ta ka ɗaure, kaja numfashi ka cika ƙirji, in ka kasa cikawa ta matse da yawa, in tafin hannu yana shiga gefe yana yawo ta saki da yawa. Ka miƙa hannu biyu gaba ka haɗa su, kaji ko bakin rigar yana yankar gaban kafaɗarka ko yana sa hannu ya mutu. Ka tsuguna, ka ɗaure igiyar takalmi, ka ɗaga hannu sama, ka waiwaya. Sannan wanda yafi komai a wajenka, ka shiga motar da kuke aiki da ita ka zauna a kujerar da kake zama, ka ja bel ɗin mota, ka zauna ba na minti ɗaya ba, ka fita da sauri ka sake shiga. Rigar da taci wannan jarrabawar itace taka. Kuma in jikinka ya canja, ka ƙara ƙiba ko ka rame sosai, awon ya tashi sai an sake. In akwai mata a tawagarku ka faɗa musu su nemi wadda aka ɗinka don jikin mace, akwai su, kar a basu ta maza ace su haƙura.

Yanzu maganar mataki. Ma'aunin da aka fi amfani dashi a duniya na wata cibiya ne dake ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta Amurka, NIJ. A tsarinsu na 2008 mai lamba 0101.06, riguna masu laushi sune IIA da II da IIIA, su na harsashin ƙananan bindigogi ne. Mataki na II ana gwada shi da 9mm da .357 Magnum, IIIA kuma da .357 SIG da .44 Magnum. Daga nan sai faranti masu tauri, III da ake gwadawa da harsashin 7.62x51 har guda shida, da IV da ake gwadawa da harsashi mai huda sulke na .30-06 guda ɗaya. A 2023 sun fito da sabon tsari 0101.07 inda sunayen suka koma HG1 da HG2 na ƙananan bindigogi, da RF1, RF2, RF3 na dogaye, don haka zaka iya cin karo da kowanne a jikin lebul. Ka lura da kyau, IIIA da III ba abu ɗaya bane, harafi ɗaya ne tsakaninsu a rubuce amma ɗaya na fistol ne ɗaya na doguwar bindiga, kuma masu talla suna son mutum ya ruɗe a nan.

Riga mai laushi zare ne aka jera shafi kan shafi, ko Kevlar wanda Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont a 1965 da 'yan uwansa irin Twaron, ko kuma wata roba mai tsananin ƙarfi irin Dyneema. Zaren yana kama harsashin ya baje shi ya raba ƙarfinsa a faɗi. Harsashin 9mm yana fita da gudun mita 350 zuwa 400 a daƙiƙa kuma kansa a dunƙule yake, zare yana iya riƙe shi. Na AK-47 yana fita da mita 700 da ɗoriya ga tsini, wannan babu riga mai laushin da zata tsayar dashi, ko ka saka biyu kar ka dogara da hakan. Wannan gaskiya ce da ya kamata ka sani tun yanzu don kar rigar ta baka ƙarfin gwiwar da bata da shi.

To wanne ya dace da kai? Tambayar da ake farawa da ita itace me ake tsoro a wannan aikin takamaimai, kuma wannan ba kai kaɗai zaka amsa ba, kamfani ya kamata ace sun zauna sun tantance haɗarin dake kan mutumin da kuke tsaro. Amma daga abinda ka bayyana, yini a mota, shiga ofis da taro, riga a ɓoye ƙarƙashin kaya, ni abinda zan ce maka shine riga mai laushi ta ɓoye mataki na II ko IIIA da aka auna a jikinka. II tafi siranta da sauƙin ɓoyewa da sauƙin zafi, IIIA tafi kauri kaɗan tafi tarewa, nauyinta kamar kilo 2 zuwa 3. Akwai wata tsohuwar ƙa'ida a wannan harka, rigarka aƙalla ta iya tare harsashin bindigar da kai ko abokan aikinka kuke ɗauke da ita in kuna ɗauka, saboda a kokawa ana ƙwace bindiga, kuma a ruɗani harsashin naku ma yana iya samun naku. In kuma tantancewar ta nuna akwai barazanar dogayen bindigogi a hanyoyin da kuke bi, to sai a ƙara da rigar faranti ta waje wadda za'a ɗora a kai a irin waɗannan tafiye-tafiyen, ta laushin kuma tana jikinka kullum. Ba'a musanya ta kullum da ta wani lokaci.

Wani abu da baka tambaya ba amma dole in faɗa, wuƙa. Mutane suna ɗauka abinda ya tare harsashi ai wuƙa wasa ce. Ba haka bane sam. Ka ɗauki bargo mai kauri, in ka naushe shi bazai yage ba amma allura zata ratsa shi cikin sauƙi saboda tsakanin zare take bi, to haka tsinin wuƙa ko kibiyar ƙarfe yake yiwa rigar harsashi, ya yanka zaren ko ya raba shi. Kariyar suka ma'auninta daban, NIJ suna da 0115.00, Ingila kuma suna da nasu da zakaga an rubuta KR na wuƙa da SP na tsini. Mai kutsawa da oga cikin taron jama'a kafaɗa da kafaɗa ya kamata ya tambayi wannan, akwai riguna masu haɗa biyun, sun ɗan fi kauri da tauri, sai a auna a gani ko aikin yana buƙata.

Mu dawo kan farantan ƙarfen nan naka. Ni dai ban goyi baya ba. Na farko kowane ɗaya yana kai kilo 3 da rabi zuwa 4, gaba da baya kaga ka doshi kilo 8 kafin ka lissafa rigar da zata ɗauke su. Kai da kake cire mai laushi saboda takura, wannan kwana nawa zatayi a jikinka? Ƙasan kujerar nan zata koma. Na biyu baya ɓoyuwa ƙarƙashin kaya, oga zai gani tun daga nesa. Na uku, harsashi in ya daki ƙarfe tarwatsewa yake, ɓarɓashin ya bi fuskar farantin ya fantsama sama da ƙasa da gefe, sama kuwa haɓa ce da wuya, gefe hannuwa, ƙasa cinyoyi in kana zaune. Ana shafa musu wani kauri na roba don rage wannan, amma masu arahar sune aka fi tsuke wa wannan robar. Sannan kalmar "mataki na III" bata nufin duk wata doguwar bindiga, akwai harsashin 5.56 mai tsananin gudu da aka san yana huda wasu farantan ƙarfe, kamar yadda wani nau'in 5.56 mai ƙarfe a kai yake huda wasu farantan roba zalla, wannan giɓin na cikin abinda yasa aka ƙirƙiro RF2 a sabon tsari. Araha bata ado ƙanina, balle a abinda zai tsaya tsakanin zuciyarka da harsashi.

In ranar faranti tazo, na tangaran ko na roba mai ƙarfi ko haɗin biyun sun fi dacewa da mai yini dasu a jiki. Na roba yana iya zama kilo ɗaya da rabi, na tangaran mataki na IV kilo 3 ko fiye, shi kuma baya son faɗuwa, yana iya tsagewa ta ciki ido bai gani ba sai an ɗauki hoton eksire. Girman da aka fi samu inci 10 da 12 ne, kamar santimita 25 da 30, ya rufe daga kan nono zuwa kan nono, samansa a ramin wuya. Kuskuren da kusan kowa yake yi shine barinsa ya zazzago kan ciki, zuciya da manyan jijiyoyi na sama a buɗe. Na baya shima a ɗaga shi daidai da na gaba. Fuskar da aka rubuta STRIKE FACE itace take kallon waje. In kaga an rubuta ICW to wannan farantin baya aiki shi kaɗai sai da riga mai laushi a bayansa.

Rigar abokinka kuma, kasan tarihinta? Shekararta nawa, ina ya ajiye ta, ta taɓa jiƙewa, ta taɓa kwana a but ɗin mota cikin rana? Yawancin kamfanoni garantin shekara 5 suke bayarwa a riga mai laushi. Ba wai ranar da ta cika biyar ta zama tsumma ba, amma daga nan ba mai tsaya maka. Zare yana tsufa, zufa da danshi da hasken rana da lanƙwasa suna cinsa a hankali. A 2003 a Amurka harsashi ya huda rigar wani ɗan sanda a jihar Pennsylvania wadda ko shekara bata yi ba, an yi ta ne da wani zare da ake kira Zylon, da NIJ suka bi diddigi suka gwada rigunan Zylon da aka yi amfani dasu sai fiye da rabi suka huje, a 2005 aka tsame su daga cikin waɗanda NIJ suka amince dasu. Daga waje kuwa lafiya lau suke. Shi yasa ido kaɗai baya isa. Kuma ko da rigar tasa sabuwa ce fil, in ba awonka bace ka sake faɗawa inda ka fito.

Abinda nake so kayi yau da daddare, ka buɗe gidan rigar da aka baka, wato yadin wajenta, ka zaro shafukan ciki, akwai lebul a jikin kowanne, ba na jikin yadin waje ba. Ka karanta sunan kamfani, lambar samfuri, mataki, ranar da aka ƙera, da gefen da aka ce shi zai kalli jiki, ka tabbatar ba'a juya shi ba. Ka shafa ledar da aka rufe shafin da ita ka duba ko ta yage ko ta ɓule ko ɗinkin bakin ya buɗe, ka shinshina ko akwai warin danshi, ka duba ko akwai layin karyewa inda aka daɗe ana naɗewa, ko zaren ya zazzago ya taru a ƙasa. Sannan ka shiga shafin NIJ a intanet, suna da jerin samfuran da suka ci gwaji, ka nemi wannan lambar. "An gwada bisa ƙa'idar NIJ" da mai talla zai rubuta daban, samun lambar a cikin jerin daban. In babu lebul gaba ɗaya ko ya goge, ka ɗauka baka san me kake sawa ba. Kuma kafin ka yi odar komai daga waje ka binciki dokar inda kake, ƙasashe da dama sai da izini ake shigo da irin wannan kaya ko mallakarsu, wani dalilin kenan da yasa ta hannun kamfani ya fi.

Kafin a canja maka, kar ka daina sawa, kuma dan Allah kar ka yanke shafin da almakashi ko ka naɗe ƙasansa don ya gajarta, ka lalata shi kenan. Ka gwada daidaita maɗaurin kafaɗa, ka ɗaure gefen sosai don ta daina yawo, ka ɗan sassauta bel ɗin wando ko ka saukar dashi, ka ɗan kwantar da bayan kujera kaɗan. Bazata zama daidai ba amma zata iya zama abinda za'a jure na ɗan lokaci. Zafi kuma babu rigar sulken da bata da shi, ƙarya ne wani ya ce maka akwai. Singileti mai tsotse zufa a ciki, ka riƙe na canji, ka sha ruwa tun kafin ƙishi ya kama ka, gidan rigar ya zama biyu ana wanke ɗaya ana sa ɗaya. Shafukan ciki ba'a jiƙa su ba'a sa su a injin wanki ba bilic ba guga, tsumma mai ɗan danshi da sabulu kaɗan ka goge, su bushe a inuwa, a kwantar dasu a shimfiɗe.

Ka kuma sani ko rigar ta tare harsashi jiki yana shan dukan. A gwaji ana ɗora rigar kan yumɓu a harba, ramin da ya lotsa a yumɓun an yarda ya kai har milimita 44. Ka auna wannan da yatsa a ƙirjinka kaji. Ana samun karayar haƙarƙari da ƙujewar huhu da zubar jini ta ciki, don haka duk wanda aka harba a riga asibiti zai tafi ko yana jin garau, rigar kuma ta gama aiki. Wuya da cinya da hannu duk a buɗe suke, shi yasa nake so ka nemi horon tsayar da jini ka riƙa yawo da abin ɗaure jijiya a inda hannunka zai kai.

Saura maganar shugabanku. Na fahimci tsoronka, sabon ma'aikaci baya son a fara saninsa da ƙorafi. Amma ka canja yadda kake kallon abin, kayan aiki ne aka baka da basu yi daidai ba, kuma kayan kariya haƙƙin mai ɗaukar aiki ne ya samar da wanda ya dace da ma'aikaci. Kar ka je da "rigar nan tana damuna". Ka je da ita a hannu ka same shi shi kaɗai cikin ladabi, kace ranka ya daɗe ga ranar da aka ƙera ta, ga yadda take min in na zauna, ka zauna a gabansa ya gani da idonsa, kace tana hana ni juyawa da fita daga mota da sauri kuma wannan ya shafi lafiyar oga. Ka tambaya ko akwai ƙarama a sito ko za'a iya auna ka. Shugaban da ya san aiki zai ƙara ganin girmanka ne. In anyi maka alkawari ka bi da ɗan saƙo a rubuce don ya zama akwai shaida. In kuma suka nuna ko a jikinsu, to kuɗin da ka tara na faranti ka ƙara ka sayi mai laushi sabuwa ta awonka daga dillalin da zai baka takarda da garanti, sannan ka fara tunanin ko wannan kamfanin wajen zama ne.

Matarka kuma, wannan "eh" ɗin da kake ce mata ita ce nake so ta zama gaskiya daga gobe. Ba sai ka tayar mata da hankali da dogon labari ba, ka ce mata rigar ta maka yawa kana neman a canja, ka bata tef ta taya ka awon nan na tsaye da na zaune ku rubuta a takarda, da takardar zaka je wajen shugaban naku. In ka zaro shafukan ka turo min abinda ke rubuce a lebul ɗin da awon da kuka samu, sai mu duba tare ko II ce zata fi maka ko IIIA.